Rakiyar Idon Sada Wanzami Zuwa Safana

Tun ran da na dawo daga Safana ban sami sukunin gasa tsire cikin kwanciyar hankali ba. Duk wanda ya tsaya bakin tukubata a kasuwar Batsari sai ya ce, "Iro, yaya Safana?" sai ka ce Makka na je. Wasu ma ba nama ya kawo su ba, labari ya kawo su, su ci ɗanɗano su wuce. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura labarin ya fara tsiro da ƙafafu, don jiya na ji wani yana rantsuwa wai aljanu suka ɗauke akuya a gabanmu a garin Babban Duhu. To, ga yadda abin ya faru daga bakin wanda ya je, kowa ya ji ya huta, ni ma in huta.

Sada wanzami na Darini ɗan kawuna ne, wato taubashina. Tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa mun rabu ba a yi tsiya ba. Shi ya ce ina warin kitse, ni in ce da ƙeyar mutane yake cin tuwo. Amma a sana'a kam ba ni da abin cewa a kansa. Daga Darini zuwa Karare har cikin Batsari, in an haihu shi ake kira askin suna, shi ke cire belu, shi ke kaciya, shi ke ƙaho.

Wata ranar kasuwa, bayan an gama cirar gyaɗa, sai ga shi ya zo hannu na dukan cinya, ba zabirar da yake zuba asake. Na ce, "Ina ka jinginar da ita, ko matarka ta ƙwace ta yi jakar daddawa?" Sada da ba a gaya masa ɗaya bai rama da uku ba, ya zagaya bayan tukuba ya zauna kan kututture, ya jira har masu saye suka ragu. Sannan ya ce, "Iro, idona ya kama hanyar tahiya."

Ga abin da ya gaya mini. An kira shi askin suna a Karare. Ya ɗora aska, ya kafa ido kan maɗigar jaririn, wurin nan mai taushi da ba a wasa da shi. Can hagunsa akwai wata tsohuwa zaune jikin zana da koɗaɗɗen zane, tana kallo. Yana cikin aski sai ya ji a jikinsa babu tsohuwa. Ba duhu ya gani ba, ba kuma rami ba. Zana ce kawai, saƙarta ta bi ta kan inda tsohuwar take, ta haɗe lafiya lau. Ya ɗaga kai a firgice, ga tsohuwa zaune tana sakace. Da ya koma gida ya gwada da tulu a jikin danga, tulun ma ya tafi. Tun daga ranar kullum sai ya gwada, kullum kuma sai abin ya tafi.

Da wani ne da na yi dariya. Amma na san abin da ke cin Sada. Ubansa, kawuna, Allah ya jiƙansa, wanzami ne da ya fi shi suna, kuma ta gefe ganinsa ya fara raguwa. Ya ɓoye, ya ci gaba da aiki, har ran da ya datse wa wani jariri kunne a gaban taron suna. Daga nan ba a sake kiransa ba, a zaure ya ƙare kwanansa yana jin wucewar mutane. Sada ya ce, "Ni ba ni kai ga yanka ɗan mutane ba. Na aje aska sai an gyara mani idon."

Gyaran da yake nufi shi ya tayar mini da hankali. Ya ji labarin wani mai sakiyar ido ya sauka a Safana. Wanda bai san sakiya ba, allura ce ake sokawa ta gefen ƙwayar ido a ture yanar ido ta faɗa ciki. Wasu su tashi suna gani, wasu kuwa, na san wanda ya je da ido ɗaya mai kyau ya dawo ana jansa da sanda. Na ce mu tafi asibitin Turawa a Katsina. Ya ce shi ba zai kwanta wa mutanen da ke yanka ba bisimilla ba. Na ce to ya jira. Ya ce lokacin kaciya ya matso, yara na nan an tara masa. Kuma mai sakiya ba ya aiki sai da ɗan'uwa da zai riƙe kan mutum, shi ya sa ya zo wurina. Na dubi idanun nan nasa, farare tas kamar na ɗan maraƙi, na ce a raina zan bi shi, amma ba don in riƙe kai ba.

Muka ɗauki aron jakin maƙwabcina, na ƙulle kilishi a matsayin guzuri, muka fita bayan sallar asuba. Jakin nan na lura tun a bakin gari ba ya son Safana. Sada ya hau, ni ina kora, ina ta janyo shi da magana ko zai tanka. Na ce tun da makanta zai yi, gara ya fara koyon waƙa tun yanzu. Ya ce, "Allah ya kyauta." Na ce zan riƙa ba shi ƙashi in ce tsoka ce. Ya ce, "To." Tafiya da taubashin da ba ya rama tsiya ta fi tafiya da kaya nauyi.

Da hantsi muka ci karo da masu sharar hanyar mota. Kun san yadda ake yi in Bature zai fito rangadi, duk namijin da ya gitta sai an miƙa masa kwando. Heluma, wato shugaban leburorin, wani gajere mai bulala, ya hango ƙarti biyu da jaki, ya taho yana murna. Na yi maza na kama hannun Sada na ce, "Ranka shi daɗe, makaho ne, ni ɗan jagora, magani za mu nema." Sada ya ji haushi, amma ya runtse ido ya langaɓe kai. Heluma ya tausaya, har ya cire hula yana sosa kai yana cewa Allah ya sawwaƙe. Nan fa aka sami matsala. Sada ya buɗe ido ɗaya, ya ga kan heluma, ya kasa daurewa. Ya ce, "Subhanallahi! Wa ya yi maka wanga aski? Ga tsallake nan bayan kunne, ga kuma inda ya ci maka hwata."

Sai azahar aka sake mu. Ni da makahona muka yi ta jidar tsakuwa a ka, jakin kuma aka ɗora masa mangala. Da muka kama hanya na ce, "Kai da ke hango tsallaken aski daga kan jaki, kai za a soka wa allura?" Ya ce ai abin da ke gabansa yana gani, na gefe ne ke gudu. Ya ƙara da cewa babansa ma haka ya fara.

Iyakar ƙasar Ruma, tamu ta Batsari, da ƙasar Yarima, ta Safana, ba wani abu ba ne, rafi ne da yashi, sai gefen gandun dajin da Turawa suka shata. Amma akwai mai gadin daji a gindin wata kanya, da kakinsa da jar hula, yana jiran abin da Allah zai kawo. Ya gaishe mu gaisuwa mai tsawo, ya tambayi Batsari, ya tambayi damina, ya tambayi masu gida da yara, duk idonsa na kan ƙunshin kilishi. Sannan ya dubi sandar da nake kora jaki ya ce ɗanya ce, a ina na sare ta? Na ce a bayan gidanmu. Ya ce sandar geza duk iri ɗaya ce, ba ta da shaidar gida. Ya karɓe sanda, ya ɗanɗana kilishi har ya kai rabi don ya tabbatar ba naman dajin gandu ba ne, ya sa mana albarka. Jakin da ya ga ba sanda sai ya zama shi ne mai gida, inda ya ga dama nan yake tsayawa. Saboda haka ba mu isa Babban Duhu ba sai da rana ta yi ja.

Mutanen Babban Duhu mutanen kirki ne, sai dai al'adunsu sai su. Mu a Batsari in ka gaida mutum iyali kake fara tambaya. Su kuwa sai sun gama da lafiyar shanu, da ta maruƙa, da wadda ta yi ɗingishi bara, sannan a tuna da matan gida. Mai garin, wani dattijo mai faɗin murya, ya sauke mu a zaurensa. Da aka ji Sada wanzami ne aka yi ta marhaba. Da aka ji ni mahauci ne sai na ga an tashi wani ya je ya matsar da 'yan maruƙa bayan gida. Aka kawo tuwon maiwa da man shanu yana kwance a kai, na ci har na ji kunya. Furarsu kuwa nono ya yi mata yawa har ludayi na tsayawa, amma ba yaji ko kaɗan, kamar an dama wa mai jego. Na faɗi haka, mai gari ya ce ai mutanen Batsari don nononsu ruwa ne shi ya sa suke ɓoye shi da barkono.

Da safe jaki ya ƙi tashi, muka ce bari ya gama shawara. Ina zaune a ƙofar zaure sai na ga Sada ya koma gefe ya tsuguna, ya kafa ido kan wani turke, ko ƙiftawa ba ya yi. Can damansa wata jar akuya na kwance jikin zana tana tuƙa. Na gane gwajin nasa na kullum yake yi. Haushi ya kama ni. Na ce, "Matsa, bari in nuna maka yadda mai lahiya ke kallo." Na tsuguna inda ya tashi, na zuba wa turken ido, ina jin akuyar a gefen idona, ja, ga ta nan. Na ce, "Ga akuya." Na ƙara cewa, "Har yanzu ga akuya." Ina shirin faɗi na uku sai bakina ya mutu. Akuya ta dushe, ta narke, zana ta rufe wurin da saƙarta, kara bayan kara, kamar ba a taɓa haihuwar akuya a garin ba.

Na zabura na saki salati da ƙarfi. Ina juyawa ga akuya tana kallona tana tuƙa. Na ce, "Sada, ka shahwa mani! Ƙwarya ɗaya muka sha hura!" Nan take na fara tunanin wa zai riƙe nawa kan.

Salatin ya tara mutane. Mai gari ya fito yana gyara riga, aka gaya masa. Ya ce shi idonsa ko na shaho albarka, ya tsuguna. Jim kaɗan sai muka ji ya ce cikin ƙaramar murya, "Wa ya kore ta?" Ba wanda ya kore ta. Ƙanensa ya gwada, ta tafi. Limamin garin ya yi addu'a ya tofa ya gwada, ta tafi. Kafin ka ce me, maganar ta juya, an fara kallonmu a kaikaice, wani daga baya yana cewa baƙi sun kawo ciwo cikin gari, a ɗaure masu kayansu.

Wanda ya cece mu wani Bafillace ne mai suna Julɗe, da ya kawo wa mai gari nono. Ya tsaya da sanda a wuya yana kallon manyan gari tsugune a gaban turke, ya tambayi abin da ake nema. Da aka gaya masa ya yi dariya har sanda ta faɗi. Ya ce, "Wannan ai kowane mai kiwo ya san shi. Ka tsaya cikin karan dawa ka kafe ido wuri guda, jar nagge, saniya ke nan, da ke gefenka sai ta koma kara. Fara kuwa, in tana gaban baƙin kurmi, tana nan, sai dai ka gaji. Shi ya sa ba mu barin ido shi kwanta. Ka bar shi shi yi ta yawo, ba abin da ke ɓace maka."

Daga nan fa abin ya koma wasa, garin kuma ya bar aiki. Aka ja akuyar nan aka kwantar da ita gaban wani rumbu da aka shafe da farar ƙasa. Muka kafa ido har hawaye, tana nan daram, sai dai gefenta ya ɗan yi laushi. Aka mayar da ita jikin zana, ta tafi. Aka matso da ita dab da turken, ta ƙi tafiya. Aka kai ta can nesa gefe, tun ba a gama gyara tsugunno ba ta tafi. Wani ya kawo faifai mai zane ya jingina a jikin tabarma mai irin zanensa, wannan kam ko jira bai yi ba. Baƙar tukunya a kan farin yashi ta gagari kowa. A gindin tsamiya, inda inuwar ganye ke ta rawa a ƙasa, ƙwaryar da aka ajiye ta fi saurin tafiya, alhali ita ba ta motsa ba, abin da ke kewaye da ita ne ke motsi. Kuma duk abin da ya tafi, da ka ƙifta ko akuyar ta kaɗa kunne, sai ya dawo. Turken da ake kallo kuwa, shi bai taɓa zuwa ko'ina ba.

Matan gida suna leƙe ta kan danga suna ta shewa. Uwargidan mai gari ta ɗaga murya ta ce a tambayi baƙin, in mutum ya zauna jikin zana da tsohuwar riga tun safe ba ya aikin komai, shi ma yana tafiya? Mai gari ya yi kamar bai ji ba. Ya ce da mu, cikin mutunci, mu kama hanya tun da sauran rana, don in muka ƙara kwana ba mai sussukar gero a garin. Ya ba ni busasshiyar sanda ta kora jaki.

Na fito Babban Duhu da murna, ina ganin magana ta ƙare, sai mu juya gida. Sada ya karkata kan jaki ya nufi Safana. Na ce, "Ba ka ga gari guda sun gani ba? Har liman?" Ya ce, "Na gani. Cikinsu wa ke ɗora aska kan maɗigar ɗan kwana bakwai? In nasu wasa ne, wa ya ce maka nawa ma wasa ne? Su ubansu bai makance ba." Na bi bayan jaki ina jin haushinsa, ina kuma jin tausayinsa, har na kasa gane wanne ya fi yawa.

A Safana wurin mahauta muka sauka, don mahauci ba ya rasa masauki inda ake fawa. Sun karɓe mu hannu biyu. Tsirensu dai, Allah ya ba su haƙuri, ƙuli ne aka yi wa ado da nama, ka ciji tsinke ka yi ta neman abin da ka saya. Kuma suna da wata al'ada, ba a ba mai saye ɗanɗano. Na ce a raina wannan kam abin koyi ne.

Ranar kasuwa da hantsi muka sami mai sakiyar a gefen kasuwa, gindin wata tsamiya. Dogo ne, baƙi, da rawani, yana zaune kan tabarma mai zanen ja da baƙi, alluransa cikin wani ɗan gora. Muna isa ya gama da wata tsohuwa da yana ta rufe wa idanu. Ta ɗaga hannu tana kuka tana cewa ga haske, ga mutane. Sada ya dube ni. Ni kuwa idona na kan wani mutum da ke zaune can gefe, an ɗaure masa fuska da tsumma, kuncinsa ya kumbura, ƙuda na bin tsumman, matarsa na yi masa fifita. Na tambaya, aka ce kasuwar da ta wuce aka yi masa.

Layi ya zo kan Sada. Ya zauna ya faɗi damuwarsa. Mai sakiya ya ɗaga masa fatar ido, ya duba wannan, ya duba wancan, ya juya shi wajen rana. Ya ce, "Ban ga yana a sarari ba. Amma akwai wadda ke laɓewa can ciki, gara a taɓa ta tun tana ɗanya." Ya zaro allura ya goga a hannun riga. Ya ce da ni, "Kai ne ɗan'uwan? Zagaya ka riƙe kai, kada ka bari shi motsa."

Na zagaya na dafa kan Sada. Kan da na sha kai wa ranƙwashi tun muna yara, ga shi a tafina, ya yi zufa, ya sallama. Na ji ba zan iya ba. Na saki, na dawo gaba na durƙusa na ce, "Malam, ka yi mani arziki guda kahin ka soka. Abin da ke damunshi, ka gwada da naka idon." Ya haɗe rai ya ce shi ba wasa ya kawo shi ba. Amma mutane sun taru, mahautan da suka rako mu suna cewa a gwada mana, ai ba a rasa komai. Na ɗauki tandun kwallinsa, wani ɗan ja na fata, na ajiye can gefen tabarmar, kan zanen. Na sa goro ɗaya a gabansa na ce ya kalli goron kawai, kada ya ƙifta.

Ya kalla, da alamar mai son ya gama ya kore ni. Kasuwa na ta hayaniya, amma gindin tsamiyar nan tsit. Sai na ga gemunsa ya daina motsi. Ya kai hannu a hankali yana laluben inda tandun yake, ido na kan goro, har yatsansa ya taɓa shi. Ya ɗago ya dube ni. Ya warware bakin rawaninsa fari, ya shimfiɗa, ya ɗora tandun a kai, ya sake kallon goro. Wannan karon ya daɗe. Ya ce, "Kan hwari ya ƙi tahiya." Ya janye rawanin ya sake gwadawa kan zanen tabarma, ya yi ajiyar zuciya.

Na ba mutumin nan girmansa, don da wani ne da borin kunya zai yi. Ya juya wurin Sada ya ce, "Ka ce ubanka ta gehe ya hwara. Shi in ya ƙibta, ko ya juya ido, abin na dawo mashi?" Sada ya girgiza kai. Ya ce, "A'a. Shi abin da ya tahi ya tahi. Har karo yake da ƙyaure." Mai sakiya ya mayar da allura cikin gora ya toshe. Ya ce, "To naka ba nashi ba ne. In ciwo ne, ni ma ina da shi, kuma ban ga wanda zan ba idona shi soka ba. Tashi ka ba wani wuri."

Mutane suka yi ta dariya suna watsewa, wasu tuni sun tsuguna suna kallon goro. Na ɗauka Sada zai yi tsalle. Sai na same shi a bayan tsamiya yana kallon tafin hannunsa. Ya ce, "Iro, na yarda idon lahiya lau. Amma hannun ga ya riga ya ji tsoro. Ran da na ɗora aska kan jariri, tsohuwar nan zan tuna, in tuna baba. Hannun da ke rawa ai ya hi makaho ɓarna."

Ban yi shawara da kowa ba. Akwai wani wanzamin Safana a rumfar da ke kusa, na je na roƙi aron aska da ruwa. Na dawo na cire hula, na zauna a ƙasa a gaban Sada, a tsakiyar mutane, na miƙa masa. Na ce, "Aske ni. Kai da gemu, har maƙogwaro." Ya ce ba ya iyawa. Na ce, "In ka yanka, na saba ganin jini, kuma mahauta na kusa, ba a yi asara ba."

Ya daɗe riƙe da askar. Sannan ya jiƙa mini kai. Taɓawar farko na ji ƙarfen yana karkarwa a fatata, na rufe ido na yi ta salati a zuci, don ni ma ba dutse ba ne. Ja na biyu ma haka. Daga nan sai na ji yatsunsa na hagu sun kama fatar sun ja ta yadda suka saba, askar ta kwanta, ta fara tafiya sumul tana ƙara irin tata. Ya karkata mini kai ba tare da ya nemi izini ba. Ya tura haɓata sama, ya bi maƙogwaro ya sauka, ko ƙwarzane babu. Can na ji yana gyaran murya yana gunaguni, wai askar mutanen Safana ko kabewa ba ta fera ba. Ban taɓa jin daɗin mitar mutum irin ta ranar ba.

Ya ce, "An gama." Na buɗe ido sai na ga mahauta sun dafe ciki, mata masu nono suna rufe baki da gyale, har mai sakiya ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Na shafa kai. Ko'ina sumul kamar bayan ƙwarya, sai a tsakiya na ci karo da tukku, tsaye, an gyara masa gefe da gefe da kyau, irin wanda ake bar wa yaron da aka yaye. Ni, mai furfura, mai surukai.

Na ce, "Sada, mi ne ne wannan?"

Ya goge aska a tafin hannu, ya leƙa kan nawa ta dama, ya leƙa ta hagu, fuskar nan ba alamar dariya. Ya ce, "Af! Ka yi haƙuri. Wurin ne ya ɓace mani."

Na tsaya a tsakiyar kasuwar Safana da hula a hannu, gari guda na yi mini dariya, hawaye na bin gemun da babu. Ban mayar da hular ba sai da muka fita bayan gari.